Sitiroberi Arba'in da Fitilar Baba

Laraba, 18 ga Disamba, 6:20 na safe

Sanyin daren jiya ya sauka zuwa digiri 14. Zafin rana ya tsaya a 30. Yau kwana ashirin da uku da dasa sitiroberina, guda arba'in a kunyoyi huɗu, jikin katangar baya. Duk suna da rai. Babu fure.

Littafin Dokta Adeola lamba kawai yake ci, shi ya sa na buɗe wannan don kaina. Ita ce ta duba aikina na shekarar ƙarshe a jami'a. A watan Maris za ta fara gwajin noman sitiroberi a gidajen Zariya, kuma gurbin mataimaki ɗaya ne. Ta ce, "Keziya, kowa ya san tana yi a Jos. Ki nuna min za ta yi fure a tsakar gidan Sabon Gari. Ranar 31 ga Janairu zan miƙa suna." Sharaɗinta shi ne sama da rabin arba'in ɗin su nuna fure. Idan ba su nuna ba, Kawu Sati ya riga ya yi min magana a kamfanin robar da yake aiki a Chikaji, ɓangaren sito. Ban raina ba. Amma shekara biyar na yi ina karatun ƙasa da tsiro.

Baba ya sha rabin kofin koko.

Juma'a, 20 ga Disamba, 6:15 na safe

Digiri 13.

Na sake bin lissafin, karo na huɗu. Irin da na samo daga Jos ba ya fure sai dare ya yi tsawo kuma gari ya yi sanyi. Hasken yini kada ya kai awa goma sha huɗu. A Zariya yau rana za ta fito 6:43, ta faɗi 6:12, wato awa goma sha ɗaya da minti ashirin da tara. Sanyin dare tsakanin 13 da 15, daidai yadda ake so. Ruwa safe da yamma. A lissafi komai ya cika.

Zumuntar matan cocinmu sun zo jiya da la'asar, sun yi waƙa biyu da addu'a. Baba ya fito bakin ƙofa ya yi godiya, ya koma. Har yanzu riga mai dogon hannu yake sawa, kuma sai ya ɓalla maɓallin wuyan hannun.

Lahadi, 22 ga Disamba, 1:00 na rana

Ni da Mama muka je sujada a coci. Mutum tara suka tambaye ni jikin Baba. Na ce da sauƙi, sau tara.

Talata, 24 ga Disamba, 4:40 na yamma

Baban Somto ya shigo da tsaninsa ya goge farantin fitilar. Oga Emenike ne sunansa a kasuwa, kayan lantarki yake sayarwa, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shi ya kafa mana fitilar nan mai aiki da hasken rana ranar 4 ga wata, kwana biyu da dawowar Baba daga hannun masu garkuwa da mutane, a kan dogon ƙarfe tsakanin tagar Baba da lambuna. Da kanta take kamawa da magariba, ta mutu da wayewar gari. Mama ta yi ta fama ya karɓi ko kuɗin ƙarfen, ya ce Malam Mordecai, wato Baba, shi ya koya wa yaransa uku lissafi, kada ta ɓata masa rai.

Yana kan tsani yake ce min, "Injiniyar gona, ina tumatirin Turawan? Na riga na gaya wa Maman Somto ta wanke faranti."

Na ce sai sun yi fure tukuna.

"Ai ga su nan kamar su yi magana. Dubi ganye! Fitilata ce, ki yarda kawai. Wannan ba irin ta gefen titi ba ce, ƙanwar rana ce. Allura ta faɗi a gidan nan ƙarfe biyun dare, za ki tsince ta."

Na yi dariya. Baba ma ya ɗaga labule ya ce, "Emenike, sauko kafin ka faɗo mana a jajibirin Kirsimeti." Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi a makon nan.

Alhamis, 26 ga Disamba, 6:30 na safe

Digiri 14. An yi Kirsimeti. An ci shinkafa. Baba ya zauna da mu minti arba'in.

Abin da ke damuna yaɗo ne. Shukar tana fitar da dogon zare daga gindi, ya kwanta a ƙasa ya yi saiwa a gaba, sabuwar shuka ke nan. Na ƙirga sittin da ɗaya yau, na yanke su duka. Makon jiya ma na yanke talatin da huɗu. Shukar da ke yaɗo haka ba ta da niyyar fure. Wuyan ganyensu ya kai santimita goma sha bakwai, sun miƙe tsaye, kore shar. Kowa ya shigo sai ya yaba, ni kuwa fure nake nema.

Akwai guda takwas da suka rage ranar dashe, ƙananan da ban yarda da su ba. Na zuba su a tsofaffin bokitan fenti na tura bayan tankin ruwa don kada su tare hanya. Su kam sun lafe, wuyan ganye santimita shida, kamar an danne su da hannu. Ina jin mutuwa za su yi. Mama ta ce in sun mutu in ba ta bokitanta.

A lissafi komai ya cika.

Litinin, 30 ga Disamba, 3:15 na yamma, Samaru

Na sami Dokta a ofis duk da hutu, tana cin gyaɗa tana duba takardu. Na ba ta littafin da hotuna. Ta daɗe a kan hotunan.

"Taki nawa kika sa?"

Na faɗa mata, har gram.

"Bai yi yawa ba. Ma'aunin zafinki fa, a ina yake rataye?"

"A inuwa, Ma, daidai tsayin ganye."

Ta cire tabarau. Shekara talatin ta yi a Samaru, Hausarta ta fi ta wasunmu. "Yarinya, shukar nan ba ta karanta littafinki ba. Abin da ta ji a jikinta shi take bi. Waɗannan gani suke rana doguwa ce, lokacin bazuwa ne, haihuwa sai gaba. Wani abu a gidanku yana yi musu ƙarya. Je ki nemo shi."

Na tambaya ko za ta ƙara min lokaci. Ta ce ba ita ta sa ranar ba, kuma ko an ƙara, tsakiyar Fabrairu zafi zai shigo ya rufe ƙofar. Amma ta sassauta abu ɗaya: ba lallai furen ya buɗe ba. Idan aka tsaga zuciyar shukar, wato tsakiyar gindin da sabon ganye ke fitowa, aka ga a madubin ƙara girma cewa ta fara haɗa fure, za ta karɓa. Za a ciro biyar, uku su nuna.

Da zan fita ta ce, "Yaya Baba?" Na ce da sauƙi. Ta ce, "Kwana goma sha tara a hannun mutanen nan ba wasa ba ne." Ban san wa ya gaya mata adadin ba.

Laraba, 1 ga Janairu, 6:10 na safe

Digiri 12, mafi sanyi zuwa yanzu. Yaɗo arba'in da bakwai. Barka da sabuwar shekara.

Alhamis, 2 ga Janairu, 7:05 na safe

Na je ɗauko wa Mama bokiti ɗaya a bayan tanki, sai na ga fure. Fari, kunne biyar, tsakiyarsa rawaya. Na durƙusa na buɗa sauran. Uku cikin takwas sun yi fure, biyu suna da ƙullin da bai buɗe ba.

Waɗanda na yar. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya aka dasa su. Takin ma ragowa suka samu.

Alhamis, 6:50 na yamma

Na yini ina auna komai tsakanin bokitan da kunyoyin, ban sami bambanci ba sai digiri ɗaya da tsakar rana. Da yamma na koma na tsuguna wajen bokitan ina sake duba ƙasar. Ƙarfe 6:33 fitilar ta kama. Lambun duka ya yi fari fat, har jijiyoyin ganye ana gani. Ni kuma ina cikin duhu. Inuwar tankin ta rufe bokitan takwas, ta tsaya kamar taku ɗaya a gabansu.

Tun ranar 4 ga Disamba kunyoyina ba su ga dare ba. Ina ta rubuta awa goma sha ɗaya da rabi a littafin Dokta, su kuwa awa ashirin da huɗu suke samu.

Na daɗe a wurin. Ta taga na hangi Baba a bakin gado, ya ɗaure labulen gefe guda yadda yake yi kullum, yana kallon waje.

Juma'a, 3 ga Janairu, 11:00 na safe

Na karanta takardu biyar a waya. Shukar da tsawon duhu take lissafi, kuma duhun ya zama bai yanke ba. Ko hasken awa biyu ko uku a tsakiyar dare yana iya ɓata lissafin. Takarda ɗaya ta ce farar fitila irin tamu ba ta kai tsohon ƙwan lantarki mai ja-ja tasiri ba. Na ji daɗi na minti ɗaya, sai na tuna su awa uku suka gwada, tamu kwana take.

Na kuma gane lafewar na bokiti. Idan dare ya yi tsawo, gari ya yi sanyi, shukar takan rage girma, ta gajarta ganye, ta kwanta. A ƙasashen ƙanƙara barci sosai take yi, sai ta sha sanyin da bai kai digiri bakwai ba na makonni kafin ta farka. A nan sanyinmu bai kai haka ba, gyangyaɗi kawai take yi. A cikin wannan kwanciyar ne take haɗa furen a ɓoye. Ni kuma na ɗauka ciwo ne.

Dare nawa ake bukata: aƙalla goma sha huɗu a jere. Wasu sun ce ashirin da ɗaya.

Tumɓuke su in mayar wani wuri ba zai yiwu ba. Sai sun yi mako biyu suna jinyar dashe, kuma babu wurin.

Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 4 ga Janairu, 5:30 na yamma

Muna gyaran alayyafo na ce wa Mama, da za a sa wa Baba ƙaramar fitila a ɗaki, ai sai a huta da ta waje.

Ba ta ɗago ba. "Akwai fitila a ɗakin. Ba duhun ɗaki ne ya dame shi ba, katangar yake son gani."

Na ce ai abin ba a gidan nan ya faru ba.

"Na sani. Shi ma ya sani. Je ki gaya wa idonsa." Ta tsinke ganye biyu ta ce, "Da fitilar nan yana samun barcin awa huɗu, wani lokaci biyar. Kwana biyun farko da babu ita ke kina ɗakinki, ni ce a wurin. Me fitilar ta yi miki?"

Na ce babu komai.

Kunyoyin a jikin katangar suke. Ni na zaɓi wurin, ranar 25 ga Nuwamba, lokacin da gidan ke cike da mutane ana jiran wayar masu garkuwa, na rasa abin da zan yi da hannuna.

Litinin, 6 ga Janairu, 6:05 na yamma

Na samo dabara. Na kafa sanduna, na ɗinka baƙar leda mai kauri, na yi wa kowace kunya rumfa mai tsayin gwiwa zuwa ƙugu. Zan rufe shida na yamma, in buɗe shida na safe. Fitila na ci, shuka na cikin duhu, ba wanda ya rasa komai. Na sa ma'auni ɗaya a ciki.

Talata, 7 ga Janairu, 6:40 na safe

A waje 14. A cikin leda 19, ganye duk gumi. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata dabarar.

Mama ta same ni ina naɗe ledar. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Me kika tsugunar mana a jikin katanga?"

Na fara bayani. Ta ce, "Zo nan." Ta ja ni har bakin tagar Baba ta juya ni. Rumfa biyu ban riga na cire ba. Daga nan, baƙaƙen abubuwa ne a duƙe a gindin katanga, iska na ɗan motsa su.

"Da takalminsa ya kwana a kujera. Na ce leda ce, Keziya ce ta sa. Ya ce ya sani. Bai tashi daga kujerar ba."

Na cire sandunan duka. Na kai ledar ɗakin girki na cusa a bayan buhun gawayi.

Laraba, 8 ga Janairu, 6:15 na safe

Digiri 13. Yaɗo ashirin da biyu. Saura kwana ashirin da uku.

Alhamis, 9 ga Janairu, 12:30 na rana

Baba ya fito lambu. Tun dawowarsa bai taka nan ba. Ya tsaya da hannu a baya kamar mai zagayen aji, ya ce in kawo littafin da nake rubutu kullum da safe. Na kawo na Dokta. Ya bi lambobin da yatsa, shafi-shafi, har ya gyara min jimla ɗaya, ya ce bakwai ɗina kamar ɗaya yake.

"Waɗancan na bayan tanki sun yi, waɗannan ba su yi ba. Mene ne bambancin?"

Na ce ina kan bincike.

"Keziya. Shekara talatin da biyu ina gane yaron da ya san amsa ya ƙi ɗaga hannu."

Sai na faɗa masa. Ya ɗaga kai ya kalli fitilar, ya kalli katanga.

"Dare nawa?"

"Aƙalla sha huɗu, Baba. Amma ba sai an..."

"Tara da sha huɗu, ashirin da uku. Kina da sauran mako guda na tsagawa da rubutu. Kira min Emenike."

Baban Somto ya zo da fushinsa. "Malam, wane laifi ta yi? Ko sau ɗaya ta taɓa ɗaukewa? Yau an ce ƙanwar rana ta hana ganye barci! Mu a garinmu ganye ba ya barci." Baba ya ce ba korarta aka yi ba, hutun mako biyu aka ba ta, kamar kowane ma'aikaci. Ya hau tsani yana mita, ya nuna min maɓallin da ke ƙarƙashin kan fitilar, ya bar mana tsanin. Da zai fita ya rage murya ya ce min, "Ina jin motsinku ta katanga. In wani abu, ki buga kawai."

Mama ta yi ta goge tukunyar da ta riga ta goge.

Juma'a, 10 ga Janairu, 6:10 na safe

Dare na ɗaya. Digiri 13. Baba ya ce ya yi barci lafiya. Mama tana bayansa, ta girgiza kai.

Lahadi, 12 ga Janairu, 6:20 na safe

Dare na uku. Digiri 14.

Talata, 14 ga Janairu, 2:00 na rana

Dare na biyar. Da rana yakan yi gyangyaɗi a kujera, minti goma, sai ya zabura ya dubi ƙofa. Na ƙirga sau shida jiya. Na ce ko ya koma ɗakina, tagarsa titi take kallo. Ya ce ɗakin da ba a ganin katanga daga cikinsa ya fi muni. Shi ne karo na farko da ya ambaci abin da bakinsa, kuma daga nan ya tambaye ni yaɗo nawa yau.

Goma sha ɗaya.

Alhamis, 16 ga Janairu, 6:15 na safe

Dare na bakwai, rabi ke nan. Digiri 15. Sabon ganyen da ke fitowa ya fi na da gajarta, santimita goma sha biyu a kunya ta biyu. Zai iya zama alama, zai iya zama ba komai ba. Ba zan rubuta shi a matsayin sakamako ba.

Kofi ya suɓuce daga hannun Baba. Ya ce kofin ne mai santsi. Kullum da safe yanzu shi yake fara faɗin lambar daren kafin in gaishe shi. "Bakwai," in ji shi, kamar mai kiran rajista.

Asabar, 18 ga Janairu, 5:00 na yamma

Dare na tara ya wuce. Mama ta ce min a ɗakin girki, "Ba don ganyenki yake yi ba, kin sani ko? So yake ya nuna wa kansa. Ke kuma kin ba shi allo da alli." Na ce in kunna? Ta ce, "Ni na isa? Ku biyun kai ɗaya gare ku."

Idonta ita ma ya faɗa. Ban taɓa lissafa nata barcin ba.

Lahadi, 19 ga Janairu, 3:30 na yamma

Baba ya ce zai je sujada. Ya sa babbar rigarsa, mutane suka yi ta murna, Fasto ya ambaci sunansa. A waƙa ta biyu, muna tsaye, gwiwarsa ta saki. Maza biyu suka tare shi kafin ya kai ƙasa. Sista Lovelyn, nas ce, ta auna hawan jininsa a ofishin Fasto: 178 bisa 104. Ta tambayi maganinsa, Mama ta ce yana sha. Ta tambayi barci. Mama ta dubi Baba, shi kuma ya dubi ƙasa.

Ta ce gobe a kai shi asibiti, kuma ko me ke hana shi barci a kawar da shi yau, ba gobe ba.

A keke muna dawowa ya ce, "Goma. Saura huɗu. Kada wanda ya taɓa min fitila." Daren yau ma a kashe za ta kwana, kuma da sanina.

Litinin, 20 ga Janairu, 7:10 na yamma

Dare na goma sha ɗaya ya wuce. An je asibiti, an ƙara masa ƙwaya ɗaya, an maimaita maganar Sista Lovelyn.

Ƙarfe shida da kwata na jingina tsani na hau na danna maɓallin. Na sauko na zauna a bakin kunya ta ɗaya ina jira. 6:41 ta kama.

Ya fito da sandar da bai saba riƙewa ba.

"Wa ya kunna?"

"Ni ce, Baba."

"Saura nawa?"

"Uku."

"Dare uku kika kasa jira? Na yi sha ɗaya, ke kin kasa uku?"

"I, Baba."

"Hau ki kashe."

Na ce na mayar wa Baban Somto tsaninsa. Ƙarya ce a lokacin, tsanin yana kwance a bayan tanki, amma na mayar yanzu. Ya tsaya yana kallona, haske ya yi masa yawa a fuska, na ga yadda ya rame. Ya ce, "Ban tambaye ki tausayi ba." Ya shiga ciki.

Laraba, 22 ga Janairu, 6:20 na safe

Digiri 15. Gaisuwa kawai yake amsawa. Mama ta ce barcinsa awa uku shekaranjiya, huɗu jiya. 156 bisa 94.

Juma'a, 24 ga Janairu, 4:20 na yamma, Samaru

Jiya Dokta ta rubuta lambobin shuka biyar a takarda ba tare da ta ga lambun ba, na ciro waɗannan shukokin na kawo a jiƙaƙƙen buhu. Ni na tsaga da kaina. Ana ɓare ganye ɗaya bayan ɗaya da bakin allura har a kai tsakiya, abin bai kai ƙwayar gero ba. Idan a shafe yake, ganye zai ci gaba da yi. Idan ya kumbura ya yi tudu, fure ne.

Ta farko a shafe. Ta biyu a shafe. Ta uku ta yi tudu, sarai, har na kira Dokta ta gani. Ta huɗu a shafe. Ta biyar na daɗe a kanta. Dokta ta duba ta ce, "Me kika gani?" Na ce ina so in ce tudu ne, amma ban tabbata ba. Ta ce, "To me za ki rubuta?" Na rubuta a shafe.

Ɗaya cikin biyar.

Na ba ta labarin fitilar, ban da dalilin kunna ta. Ba ta tambaya ba. Ta ce na bokiti takwas abin sha'awa ne, amma ba su cikin tsarin da aka amince, ba za ta iya miƙa suna da su ba. Gurbin zai tafi ga wani. Ta ce in adana littafin, in zo mata a watan Oktoba idan aikin ya samu shekara ta biyu. Ta ce "idan" sau biyu.

Na kira Kawu Sati daga tasha. Litinin, ƙarfe bakwai da rabi, in zo da takalmi rufaffe.

Asabar, 25 ga Janairu, 5:45 na yamma

Na sami Baba a kujerarsa na ba shi littafin, shafin jiya, da zanen da na yi na tudun. Ya daɗe yana kallon zanen.

"Wannan a dare sha ɗayan ya fito?"

"I, Baba. Kafin nan babu."

"Ɗaya cikin biyar. Ashirin bisa ɗari." Ya rufe littafin. "Da an cika ukun fa?"

Na ce ban sani ba. Wataƙila uku cikin biyar, wataƙila ɗayan dai. Babu yadda za a sani, kuma ba zan faɗi abin da ban auna ba.

Ya ce, "Haka ne." Ya riƙe littafin a cinyarsa. Can ya ce kamfanin su Sati akwai ƙarar inji, in nemi auduga in riƙa toshe kunne. Sai ya ce in miƙo masa ruwa. Da ya karɓa hannun rigarsa ya ja baya, tabon igiya ya bayyana, bai gyara ba, ni ma ban kawar da kai ba.

Lahadi, 26 ga Janairu, 7:50 na safe

Digiri 16. Sanyi ya fara ja da baya.

Mama ta fito tana ɗaura ɗankwali, ido jawur, ta ce mu tafi sujada mu biyu, kada in buga ƙofa.

Na ce lafiya?

"Ina fa lafiya. Tun tara da rabi mutumin nan yake minshari kamar injin niƙa, ko runtsawa ban yi ba. Har yanzu bai juya ba." Ta zauna a kan bokitin da na ba ta, ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take. Da ta buɗe, duka biyun ne.

Mun fita ta ƙofar baya, takalma a hannu.